Darnin da Na Buɗe a Kwamfutar Jikata

Bayan malam ya rasu na fita takaba, ɗana na fari ya zo da mota ya ɗauke ni daga ƙauyenmu na ƙasar Katsina ya kawo ni Abuja. A lokacin soja sun daɗe da komawa bariki, gari ya buɗe, ko'ina gini ake yi. Ka wuce fili yau da ciyawarsa, ka dawo bayan wata biyu ka tarar bene ya tsaya a wurin yana kallonka.

Gidan ɗana a Gwarimpa yake. Katanga doguwa, an nannaɗe kanta da waya mai ƙaya. Aka ba ni ɗaki a ƙasa saboda gwiwa, da fanka, da banɗaki a ciki, da talabijin da har yau ban iya kunnawa ba. Ban rasa ci ba, ban rasa sha ba, kada wani ya ji labarin nan ya ce an wulaƙanta ni. Mutane kawai na rasa. Ɗana yana fita ma'aikatar gwamnati tun rana ba ta ɗago ba, matarsa ma ma'aikaciya ce, sai bayan magariba su dawo a gajiye, su durƙusa su gaishe ni, su hau sama. Na taɓa jin kukan jariri ta bayan katanga, na yafa mayafi na tafi barka. Wani ɗan akwati a jikin ƙofar ne ya yi mini magana da Turanci. Na yi sallama sau uku, na juyo.

Ni kuwa a gida bakina ba ya hutawa. A ƙofar ɗakina mata ke zube gyaɗarsu, suna ɓara ina ba su labarin mutanen da. A Abuja sai in wuni, daga asuba har magariba, ban ce wa ɗan adam uffan ba. Wata rana nakan yi gyaran murya, ba don komai ba sai don in ji ko tana nan.

Ana haka jikata, babbar 'yarsa, ta gama bautar ƙasa ta dawo gida. Ta sami aiki a wani ɗan kamfani da ba shi da isasshen ofis, saboda haka kwana uku a mako a gida take aiki, a kan teburin cin abinci. Ranar farko na tsaya daga nesa. Rana ta biyu na jawo kujera. Ba ta kore ni ba.

"Kaka, in kin zauna nan sai na sa ki aiki fa," in ji ta.

"Sa ni mana. Uban da ya haife ki ma ni na koya masa ɗaura wando."

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba aka cire ni. Abin da nake gani a fuskar kwamfutarta baƙin shafi ne, da layukan rubutu masu launi, wani shuɗi, wani ruwan goro, wani kore kamar ɗanyen zogale. Da ɗan tsinke siriri mai ƙyafta ido a inda take rubutu. Ta ce mini umarni take rubuta wa inji. Ta ce akwai wani a cikin kwamfutar, ba mutum ba, ba aljani ba, wanda ke bin rubutun tun daga sama har ƙasa yana haɗa shi ya zama abin da injin zai gane. Muka sa masa suna mai haɗawa.

Injin kuwa ɗan ƙarami ne, bai kai kwanon sha ba. Don 'yan ayaba na kasuwar Zuba ake yin sa. Suna lulluɓe ayaba a rumfa don ta nuna, in zafi ya yi yawa a ƙarƙashin rufin sai ta lalace kafin su farga. Injin zai zauna a ciki yana aunawa, in zafi ya wuce misali ya faɗa.

"Da wane baki zai faɗa?" na tambaye ta.

Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. "Da naki," ta ce.

Zuba na sani, ko da yake ban taɓa taka ta da ƙafa ba. Ranar da aka kawo ni ta nan muka biyo, cunkoso ya riƙe mu. Ta gilashin mota na ga lemo tsibi-tsibi, da kankana, da manyan motoci, da mutane suna kiran juna da ƙarfi, wani na zagin wani suna dariya. Duk zamana a garin nan, nan ne kaɗai na ji ana hayaniya irin ta gida. Da ta ce muryata za ta je can, ranar tuwon da na ci ya fi na kullum.

A cikin durowar kayan uwarta ta saka ni, wai a nan ne magana ba ta amsa-kuwwa. Ina zaune a kan 'yar kujera tsakanin leshi da atamfa, ta miƙo mini waya a bakina. "Zafi ya yi yawa, a yaye rufi." "Zafi ya sauka, a mayar." "Batir ya kusa ƙarewa." Sai ta ce in sake, wai na ja shi kamar mai ba da labari. Na ce ai ban san wata hanyar magana ba. Muka yi ta yi har gumi ya jiƙa mini baya.

Mako biyu tana gina wa muryata wuri a cikin rubutun. Ta nuna mini shi, ya kai tsawon shafi huɗu. Injin yana kan tebur, in ta kara masa kofin shayi mai zafi sai in ji kaina ina cewa a yaye rufi. Mu yi ta dariya.

Sai ogansu ya zo gidan duba aiki. Mutumin kudu ne, a Abuja ya koyi Hausa, mai fara'a. Ya rusuna ya ce, "Mama, kana lafiya? Muryanka yana da daɗi sosai." Na ce lafiya lau, ɗana. Suka koma Turanci. Ina kallon fuskar jikata tana sauyawa. Da ya tafi na matsa kusa da ita.

"Faɗa mini," na ce.

"Ya ce magana tana cin batir. Kuma ba duk 'yan kasuwar ke jin Hausa ba. Ƙara kawai injin zai riƙa yi, ƙit-ƙit."

"To sai ki goge ni."

"A'a, Kaka. Ba zan goge ba. Zo ki gani."

Ta hau can saman wurin muryata ta buga wata alama: kara biyu a tsaye, kara biyu sun gicciye su. Na ce wannan ai darni ne. Ta yi dariya ta ce daga yau sunansa ke nan. A gaban darnin ta sa harafi biyu, ta ce ma'anarsu "idan". Sai ta sa sifiri. Ta gangara har ƙarshen shafi na huɗu ta kafa wani darnin, ta ce wannan shi ke cewa "idan ɗin ya ƙare a nan". Tana ɗaga hannu, duk abin da ke tsakanin darnin nan biyu ya dusashe. Shuɗin ya tafi, ruwan goron ya tafi, koren ya tafi. Komai ya koma launin toka.

"Kin gani, yana nan, ko harafi ɗaya bai ɓace ba. In mai haɗawa ya iso darnin farko sai ya duba. In ya ga ɗaya, ya shiga. In ya ga sifiri, ya tsallake sai bayan darni na biyu."

"Yana ganina dai?"

"Yana gani. Ba ya tsayawa ne."

"Ko sallama?"

"Kaka ke nan. Ko sallama."

Ta ce ranar da aka sami batir mai ƙarfi, sifirin nan kawai za a mayar ɗaya, shi ke nan.

Tun daga ranar na sami abin tambaya. In ta buɗe kwamfuta da safe, bayan mun gaisa, sai in ce, "An buɗe?" Ta ce, "Ba yanzu ba." Sai in ce to nuna mini. Ba ta taɓa ƙi ba. Takan kai ɗan tsinken nan mai ƙyafta ido kan darnin sama, ta danna maɓalli biyu tare, sai ya yi tsalle ya dira a kan na ƙasa. Ta sake dannawa ya koma. Ta ce kowane darni da abokinsa, in ɗaya ya ɓace mai haɗawa zai tsaya cak ya ƙi aiki. Akwai kuma wata 'yar kibiya a gefe, in ta taɓa ta sai shafi huɗun nan su naɗe kamar tabarma su koma layi ɗaya. In ta sake taɓawa su warware. In tana gangarawa a hankali nakan hango wasu ƙananan darnuka a can cikin tokar, darni cikin darni. Ban tambaya ba. Na ɗauka duk ado ne.

Damina ta shigo ta fita, sifiri yana nan.

Wata Talata ta ce mini gobe za su kai inji biyar Zuba, a gwada su a gaban shugabannin 'yan ayaba. Na ce da ƙit-ƙit ɗin? Ta ce da shi. Na ce nuna mini wurina. Ta warware shi, ta ajiye ɗan tsinken daidai bayan sifirin, kamar yadda ta saba in tana yi mini bayani. Sai aka kira azahar. Ta tashi ta hau sama, ta bar kwamfutar a buɗe, don ba ta taɓa rufe ta saboda ni ba.

Zan faɗi abin da na yi yadda na yi shi, ba zan rage ba.

Na zauna ina kallon sifirin nan. Na ce a raina, batir ai sai an yi magana yake ƙarewa. Sau nawa zafi zai tashi a wuni ɗaya? Sau ɗaya, ko biyu. In yi magana sau ɗaya tak a cikin kasuwa, mutane su ji, su ce wannan ya fi ƙit-ƙit, oga ya sauya ra'ayi, kowa ya huta. Haka na shirya shi, kuma a lokacin ban ga ɓaraka ko ɗaya a jikinsa ba.

Maɓallin gogewa na san shi, mai kibiya ta baya, na ga ta danna shi ya fi sau dubu. Ɗaya ma na san shi, shi nake dannawa a wayata in kira babanta. Na yi bismilla na danna na farko. Sifiri ya tafi. Na danna na biyu.

Wallahi sai da na ja da baya. Launi ya dawo gaba ɗaya, daga sama har ƙasa, kamar an watsa wa busasshiyar gona ruwa. Na ji daɗi, na kuma ji tsoro, don ko makaho ya shigo zai san an taɓa wurin. Na kama ɗan abin nan da take ja a kan tebur, na yi ta lalube sai a karo na huɗu na sami 'yar kibiyar. Tabarma ta naɗe. Na tashi na tafi ɗakina na yi alwala, na yi sallar da ban san abin da na karanta a cikinta ba.

Ta sauko tana waya da oga, ta wuce wani shafin ba ta dubi nawa ba. Da la'asar ta jona injinan ɗaya bayan ɗaya ta ɗura musu aikin. Tsirara suke, ba a sa su cikin gidajensu masu lasifika ba, wai sai an je can. Ta ga koriyar fitila, ta ga lambobi daidai, ta zuba su a jaka.

Ranar Laraba na wuni a falo ina kallon ƙofa. Ina ta ƙiyasta yadda abin zai kasance: rana ta take, rumfa ta ɗau zafi, sai tsohuwa ta yi magana daga ƙarƙashin buhu, a natse, sau ɗaya.

Kafin la'asar ta dawo. Ba ta yi sallama ba. Ta ajiye jaka, ta buɗe kwamfuta a tsaye, ta riƙa tsalle daga darni zuwa darni, tana warware wannan tana naɗe wancan. Da ta iso nawa ta tsaya. Ta jawo kujera ta zauna.

"Ni dai ban taɓa wannan ba," ta ce, ba ta dube ni ba.

"Ni ce."

"Na sani, Kaka. Gidan nan mu biyu ne."

Sannan ta ba ni labari, muryarta a daƙile. An tara shugabannin 'yan ayaba, an sa injinan cikin gidajensu, an kunna. Ba su jira zafi ba. Duk biyar ɗin suka kama magana lokaci ɗaya, babu tsayawa. Zafi ya yi yawa, zafi ya sauka, a yaye, a mayar, batir ya kusa ƙarewa. Har da abin da na faɗa ban san waya na ɗauka ba: "Ke 'yar nan, fitar da ni daga cikin kayan uwarki, na dahu." In sun kai ƙarshe su koma farko. Mutane suka baro rumfunansu suka taru, 'yan dako suna maimaitawa suna riƙe ciki. Wani ya ce a yaye ne ko a mayar, a tsaya a magana ɗaya. Ba yadda za a yi su yi shiru sai da aka ciccire batir. Aka ɗage gwajin. Oga bai yi mata magana ba tun daga Zuba har Kubwa.

"Amma ai sau ɗaya ya kamata in yi magana," na ce. "Sai in zafi ya tashi."

"Zo ki ga."

Ta gangara cikin wurina, ta tsaya a kan ɗaya daga ƙananan darnukan nan da na ɗauka ado ne. A gabansa ɗaya ne, ba sifiri ba.

"Wannan na gwaji ne. In yana buɗe, injin zai karanto duk abin da aka ɗauka, a jere, don in ji ko sun fita. Ranar da oga ya zo ina cikin gwaji. Da na kafa babban darni na rufe komai, ban koma na rufe na ciki ba, tunda ba mai shiga. Ke kika buɗe ƙofar gida, ni kuma na bar akuyoyin ciki a sake."

"Kin gaya wa oga ni ce?"

"In ce masa me? Kakata ta gyara mini aiki ina salla? Na ce kuskurena ne. Rabinsa ma nawan ne."

Na ce ta yafe mini. Tsohuwa da furfurata, na faɗa har sau biyu. Ta ce ba komai, amma ba ta kira ni da wani sunan tsokana ba, kuma da ta hau sama ba ta sake saukowa ba.

Washegari ta zauna a teburin kamar kullum. Na tsaya a bakin ƙofar ɗakina, ban jawo kujera ba, sai da ta ce in zo.

"Oga ya ce duk abin da aka rufe da darni a cire shi gaba ɗaya. Ya ce abin da ba a amfani da shi kada a bar shi kwance a cikin aiki, wata rana wani zai tashe shi. Ban so in yi ba kya nan."

"Ba za a jira batir ɗin ba?"

"Ba za a jira ba."

"Babu inda za a ajiye?"

"Akwai tsohon kwafi a can wani wuri. Amma gaskiya, Kaka, ba mai komawa kansa."

Na gode mata da ba ta yi mini ƙarya ba. Ta kai ɗan tsinken kan darnin sama, ta ja har na ƙasa, shafi huɗun suka rufu da shuɗi. Ta tsaya kaɗan, ko tana jira in ce wani abu ne. Ta danna maɓalli ɗaya. Layukan da ke ƙasa suka hauro suka haɗe da na sama, ko tabo babu. Ta tashi mai haɗawa, ya bi daga sama har ƙasa bai tsaya ko'ina ba.

Can sai ta dafa goshi ta ce, "Af, na manta." Ta miƙe, ta sa hannu ta rufe murfin kwamfutar, ta fita wajen mota. Na ga rufewar. Ba laifinta ba ne.

Ta dawo da nonon ayaba guda, manya, sun fara ɗiga-ɗigan nuna, ta ajiye a gabana.

"Wani dattijo ne ya ba ni jiya, muna haɗa kaya. Shi bai yi dariya ba. Ya biyo ni har mota ya ce, 'Yarinya, tsohuwar nan da ke cikin injin Bakatsiniya ce, ko?' Na ce kakata ce. Ya ce shi ya sani, tun daga bakin farko ya gane. Ya ce in gaishe ki da kyau, in ce miki ya ji."

"Ɗan wane gari ne?"

"Ban tambaya ba."

"Yaya yake? Dogo, gajere?"

"Dattijo dai, da farin gemu. Kaka, hankalina ba ya jikina a lokacin."

"Rumfarsa fa, za ki gane ta?"

Ta ce rumfunan duk iri ɗaya ne, kuma oga ya ce daga yanzu wani ne zai riƙa zuwa Zuba, ita ta tsaya kan rubutu.

Na ɗauki ayabar na ɗora a cinyata. Tana da nauyi, ba ta saye ba ce, zaɓa ya yi. A garinmu in an kawo maka gaisuwa ba ka barin ta a ƙasa, ko da wanda ya kawo ba zai koma ba. Na gyara mayafina, na juya wajen da nake zaton Zuba take, na ce, "Ina amsawa."